Hasan Fathi na Masar (1900–1989): Mai Zanen Gini a Tsakanin Masu Gina Gidajensu

Gabatarwa

Tun fil azal, mafi yawan gidajen da ɗan Adam ya kwana a ciki masu su ne suka gina su da hannunsu, ko kuwa suka kira maginin garinsu suka tsaya a kansa har ya gama. Mai zanen gini, watau wanda ya yi karatun tsara gini a takarda tun kafin a haƙa harsashi, baƙo ne a wannan fage, domin galibi sarakuna da attajirai da gwamnatoci ne kaɗai ke iya biyansa. A ƙarni na 20, sa'ad da jama'a ta yawaita kuma matsalar wurin kwana ta tsananta a ƙasashe matalauta, sai tambaya ta taso: wane amfani ilmin mai zane zai yi wa talakan da ba shi da kuɗin siminti da rodi, ba shi da komai sai ƙarfin damtsensa da ƙasar da yake takawa? Daga cikin waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman amsar wannan tambaya, babu wanda sunansa ya kai na Hasan Fathi, mutumin Masar. Wannan maƙala za ta bi tarihinsa, ta bayyana hanyar da ya shimfiɗa ta yin aiki tare da masu gida da magina, sa'an nan ta duba dalilin da ya sa babban aikinsa ya tsaya ba a kammala ba.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Hasan Fathi a birnin Iskandariyya ran 23 ga Maris, 1900, a gidan wadata. Yana ɗan shekara takwas iyayensa suka koma Alƙahira. Mahaifinsa yana da gonaki masu yawa a karkara, amma ba ya son zuwa can, domin a ganinsa ƙauye matattarar ƙuda da sauro da gurɓataccen ruwa ne, har ma ya hana 'ya'yansa zuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi ƙuruciyarta a karkara, kullum tana ba su labarin daɗinta. Tsakanin ƙyamar uba da begen uwa yaron ya tashi da sha'awar ƙauyen da bai taɓa gani ba. Da ya gama sakandare ya nemi shiga makarantar aikin gona, bai ci jarrabawar shiga ba, sai ya juya ga karatun zanen gini a Makarantar Injiniyoyi ta Giza, wadda daga baya ta zama wani sashe na Jami'ar Alƙahira. Ya sauke karatu a 1926.

Karatun da aka ba shi na Turai ne zalla, bisa tsarin makarantun Faransa. An koya masa ginshiƙan Girkawa da Rumawa, ba a koya masa yadda manomin bakin Kogin Nilu ke rufe ɗakinsa ba. Ya fara aiki a ma'aikatar kula da garuruwa, inda aka ba shi ginin wata makarantar firamare a garin Talkha, wadda ya zana da fasali irin na Turai. A wannan zuwa ne, yana da shekara 27, ya fara taka ɗaya daga cikin gonakin gidansu. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: manoman da ke noma wa mahaifinsa suna kwana cikin 'yan ɗakuna masu duhu, babu taga, babu makewayi, mutum da dabba a wuri guda, hayaƙi ya baƙanta bango. Ya matsa wa iyayensa har suka yarda a sake gina wurin. Daga nan ya soma lissafi, ya tarar cewa idan da siminti da ƙarfe za a sake gina ƙauyukan Masar, to, ba manomi ba, ko gwamnati ba za ta iya ba. Abin da manomi ke da shi kyauta shi ne laka. Daga 1930 ya shiga koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Alƙahira, kuma a 1937 ya baje zane-zanen gidajen ƙasa a garin Mansura, amma mutane kaɗan ne suka kula.

Matsalar Rufi da Maginan Nuba

Ta da bangon ƙasa ba wuya ba ne. Rufi shi ne ke cin kuɗi. Masar ƙasa ce mai ƙarancin itace, katakon rufi daga waje ake sayo shi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai katako da ƙarfe suka yi wuyar samu. A 1941 Ƙungiyar Manoma ta Sarki ta ba Fathi aikin wasu gine-gine a gonarta ta Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya yi niyyar rufe ɗakunan da tubalin ƙasa a lanƙwashe kamar baka, ba tare da an kafa katakon tallafi a ƙarƙashi ba. Maginan da ya ɗauka suka gwada, rufin ya rufta.

Wansa, wanda ke aiki a madatsar ruwa ta Aswan, shi ya ba shi labarin cewa Nubawa na kudancin ƙasar har yanzu suna irin wannan rufi. Fathi ya tafi Aswan a wannan shekara, ya ga ƙauyen Garb Aswan da gidajensa masu tsabta da ado, duk an rufe su da ƙasa. Ya ga ƙubbobin tsohuwar maƙabartar zamanin Fatimiyyawa, da gidan ibadar Kirista na Waliyyi Saminu, sa'an nan a Luksor ya ga rumbunan hatsi na haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, waɗanda bakansu na ɗanyen tubali ke tsaye fiye da shekara 3,000. Ya gane cewa abin da yake nema a littattafan Turai yana nan a hannun magina marasa takardar shaida.

Ya ɗauko maginan Nuba zuwa Bahtim ya zauna yana kallonsu. Sukan ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsawo, su shata siffar baka a jikinsa da laka, da hannu kawai, su daidaita ta da gizago. Tubalinsu mara nauyi ne saboda an yawaita masa ciyawa, tsawonsa santimita 25, faɗinsa 15, kaurinsa 5, kuma akan ja yatsu biyu a fuskarsa tun yana ɗanye don laka ta kama shi. Sukan jingina sahun farko a jikin bangon a karkace, sahu na biyu ya jingina da na farko, haka har baka ya haɗe a sama, kowane sahu yana ɗauke da na gabansa. Magina biyu kan rufe ɗaki mai mita 3 da mita 4 cikin yini ɗaya da rabi. Mai karatu da ya san bakan ginin Hausa, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, zai lura da bambanci guda: bakan Hausa da azara a cikinsa, na Nuba kuwa babu ko sanda.

Ba da daɗewa ba ambaliya ta rushe ƙauyen Izbat al-Basri, kusa da Alƙahira. Fathi ya gina wa kwamitin agaji gida guda na gwaji cikin kwana 40 a kan fam 164 na Masar. Duk da haka kwamitin ya zaɓi gidajen siminti guda 20 a kan fam 22,000. Wannan ne karo na farko da ya ga cewa arha da kyau ba su isa su shawo kan hukuma ba.

Gurna Sabuwa

A gaɓar yamma ta Kogin Nilu, daura da Luksor, akwai duwatsun da Misirawan dauri suka haƙa kaburburan sarakunansu da fadawansu. A kan waɗannan kaburbura mutanen Gurna suka gina gidajensu, su wajen 7,000, iyali kimanin 900. Wasunsu leburorin masu tonon kayan tarihi ne, wasu masu gadi, wasu masu sayar wa baƙi kayan tsaraba, kuma an daɗe ana zarginsu da satar kayan kabari. Bayan da aka yanke wani sassaƙaƙƙen dutse daga jikin wani kabari aka sace, sai gwamnati ta yanke shawarar tashin garin ɗungurungum. Hukumar Kula da Kayan Tarihi ta sayi fili mai kimanin eka 50 a cikin gonakin fadama, ta ba Fathi aikin gina sabon gari a 1945.

A nan ya sami damar gwada ra'ayin da ya daɗe yana nazari. A ganinsa, ginin gargajiya ya yi kyau ne saboda mai gida da magini suna fuskantar juna, suna shawara a kan kowace ƙofa da kowace taga. Da ɗan kwangila da mai zane na zamani suka shigo, sai magini ya koma lebura mai bin takarda, mai gida kuma ya koma lamba a cikin lissafin ma'aikata. Burinsa shi ne a mai da aikin kan duwatsun murhu uku, watau mai gida da magini da mai zane, kowa da nasa sani. Mai gida ya san yawan iyalinsa da dabbobinsa da al'adarsa. Magini ya san halin ƙasa da abin da hannu zai iya. Mai zane kuwa ya kawo abin da su biyun ba su da shi: gwajin ƙarfin ƙasa, lissafin nauyin rufi, sanin tafiyar rana da iska, tsarin magudanar ruwa da hanyoyin kare lafiya.

Yadda Ya Tafiyar da Aikin

Abu na farko da ya yi shi ne ƙin zana gida guda a maimaita shi sau 900, kamar yadda ma'aikatun gwamnati suka saba. Ya shiga tsohuwar Gurna yana auna gidaje, yana ƙidaya mutane da ɗakuna, yana lura da wanda ke maƙwabtaka da wane. Ya tarar mutanen sun kasu zuriya-zuriya, kowace zuriya kuma ta kasu rukunin gidajen dangi da ake kira badana, masu bin babba guda. Saboda haka ya raba sabon garin unguwa-unguwa bisa zuriya, ya jera gidajen kowace badana kewaye da ɗan fili nasu, inda za a yi biki da zaman makoki da karɓar baƙi. Manyan hanyoyi ne suka raba unguwanni, lungunan ciki kuwa ya sa su ƙunci da lanƙwasa domin su riƙe inuwa. Kowane gida ya zana shi daidai da iyalin da za su shiga, har ya zama da wuya a sami biyu masu kama ɗaya.

Abu na biyu shi ne kayan aiki. An buga tubali a wurin, da laka da rairayi da ciyawa, an sa dutse a harsashi. Da yake ramin da aka ɗebi ƙasa yakan tara ruwa ya zama gidan sauro da tsargiya, sai ya tsara a mai da shi tafki mai mashiga da mafita, wanda za a riƙa sauya ruwansa. A cikin gida ya raba wurin dabbobi da na mutane, ya gyara murhu don hayaƙi ya fita, ya keɓe wa randa gurbi mai iska. Ya farfaɗo da wata tsohuwar dabarar gidajen Alƙahira da ake kira malƙaf, watau doguwar kafa a bisa soro mai fuskantar inda iska ke fitowa, tana kamo ta tana sauko da ita cikin ɗaki. Kaurin bangon ƙasa kuma yakan tsare zafin rana har dare, sa'an nan ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi.

Abu na uku, wanda ya fi ba muhimmanci, shi ne hannun da zai yi ginin. Ya yi ta nanata cewa mutum guda ba zai iya gina gida shi kaɗai ba, amma mutum goma za su gina gida goma idan suka haɗa ƙarfi. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi da ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yake kiran gayya ranar yaɓe. Fathi ya so a mai da irin wannan taimakon juna tsari mai rajista, a rubuta kwanakin aikin da kowa ya bayar, a biya shi da aikin wasu a nasa gidan. Ya kuma tsara koyar da samarin garin gini a bakin aiki, mataki-mataki, daga miƙa tubali har zuwa ɗaure ƙubba, domin idan baƙin magina suka tafi sana'ar ta zauna. A kan wannan ne ya soki shirye-shiryen taimakon kai da kai na hukumomin duniya, waɗanda ke raba wa talakawa siminti da injin buga bulo. A ganinsa, ranar da taimakon ya ƙare ranar ginin zai tsaya, an kuwa bar mutane da sanin abin da ba su iya saye.

Bai tsaya ga gidaje ba. Ya san gonakin Gurna ba za su ci da dukan mutanenta ba idan aka raba su da kaburbura, don haka ya fara da gine-ginen jama'a: masallaci, kasuwa, masaukin masu sana'a inda za a koyi saƙa da sauran ayyukan hannu, dandalin wasan kwaikwayo, makarantar maza da ta mata.

Abin da Ya Tsai da Aikin

Aikin bai yi nisa ba sai matsaloli suka taso ta fuska biyu. Ta fuskar hukuma, ma'aikatan kuɗi ba su saba da aikin da babu ɗan kwangila a ciki ba. Sayen ciyawar tubali ma sai takarda ta yi watanni tana yawo a ofisoshin Alƙahira, albashin leburori yakan makara, lokacin gini ya wuce. A 1947 annobar kwalara ta auka wa Masar ta ƙara dagula al'amura.

Ta fuskar mutanen Gurna kuwa, matsalar ta fi zurfi. Ba su ne suka nemi sabon gari ba, doka ce ta tashe su, kuma abincinsu yana kan dutsen da ake so su bari. Duk wanda ya ba mai zane haɗin kai, to, ya taimaka wajen tashin kansa ke nan. Da Fathi ya nemi su faɗi irin gidan da suke so, kaɗan ne suka amsa, kuma shi da kansa ya rubuta cewa bai sami damar jin ta bakin mata ba, alhali su ne masu yini a cikin gidan. Aikin gayyar da ya yi fata bai samu ba, sai leburori na kuɗi. Har ila yau an fasa jingar da ke tsare filin daga ambaliyar Nilu, ruwa ya malale garin, ya kuwa yi zargin da gangan aka yi. Wasu manazarta sun ƙara da cewa a wannan yanki an fi sanin ƙubba a kan kabarin waliyyi, don haka kwana a ƙarƙashinta bai kwanta wa mutane da yawa a rai ba, kuma shi bakan Nuba da ya kawo baƙo ne a Gurna kamar yadda siminti yake baƙo. A 1948 aiki ya tsaya, ba a gina fiye da kashi ɗaya cikin biyar na garin ba.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fathi ya yarda da wannan magana fiye da kowane mai zane na zamaninsa, amma a Gurna an ɗora shi a kan aikin da aka yanke ba da mai ɗakin ba. Ya dawo wa magini da darajarsa, ya sauko da mai zane daga ofis zuwa bakin rami, sai dai dutsen murhu na uku bai zauna ba, tukunya kuwa ba ta tsayuwa a kan biyu.

Bayan Gurna

Daga 1949 zuwa 1952 ya shugabanci sashen gina makarantu na Ma'aikatar Ilmi, daga baya ya koma koyarwa, ya zama shugaban sashen zanen gini a kwalejinsa a 1954. Ya gina makarantar ƙasa a ƙauyen Faris, amma rashin jituwa da jami'an gwamnati a kan ginin ƙasa ya ci gaba, har ya bar Masar a 1957 ya tafi Atina ta ƙasar Girka. A can ya yi aiki da kamfanin Doxiadis, ya sa hannu a tsarin gidajen karkara na Iraƙi, ya kuma zagaya biranen Afirka da dama yana nazarin yadda mutane ke zama.

Da ya komo gida a farkon shekarun 1960, sai aka ba shi aikin wani sabon gari, Baris Sabuwa, a dausayin Kharga cikin hamadar yamma, domin iyali 250 da za su zauna a ƙasar da aka samo wa ruwan rijiya. A wannan karo ba a san ma waɗanda za su zauna ba tukuna, saboda haka ya yi nazarin tsofaffin garuruwan dausayin ya ɗauki darasi daga lungunansu masu rufi. An gina kasuwa mai kafofin iska da ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa don kayan lambu su daɗe ba tare da na'urar sanyi ba. Yaƙin 1967 tsakanin Larabawa da Isra'ila ya tsai da aikin, ba a sake komawa kansa ba.

Abin da gini bai yi masa ba, alƙalami ya yi. A 1969 Ma'aikatar Al'adu ta Masar ta buga labarin Gurna da ya rubuta da Ingilishi. Aka fassara shi da Faransanci a 1970, sa'an nan a 1973 Jami'ar Shikago ta Amurka ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor, watau tsarin gini domin talakawa. Littafin ya fito daidai lokacin da tsadar man fetur ta sa duniya ta fara tunanin gini mai sanyi ba da lantarki ba. Nan da nan gidansa na Darb al-Labbana, wani tsohon gida a gindin ganuwar Salahuddini a Alƙahira, ya zama zaure, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suna zuwa ɗaukar karatu. A 1980 ya karɓi lambar girma ta musamman ta Aga Khan, wadda shi ne farkon wanda aka ba, da kyautar Balzan, da kyautar Right Livelihood a shekararta ta farko. A 1984 Ƙungiyar Masu Zanen Gini ta Duniya ta ba shi lambarta ta zinariya.

Yana da shekara 80 ya tafi Abikiyu, a jihar Niyu Meziko ta Amurka, domin gina masallacin wata al'ummar Musulmi mai suna Darul Islam. Ya tafi da maginan Nuba biyu, ɗayansu shi ne Ala'uddin Mustafa, suka ɗaure baka da ƙubba a gaban taron masu kallo da masu koyo. Ya rasu a Alƙahira ran 30 ga Nuwamba, 1989, bai bar ɗa ba. Ya bar zane-zanen ayyuka wajen 160. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗanda aka gina gidajen masu hali ne da masu fasaha, domin su ne suka zo da ƙafarsu suka nema, suka zauna da shi aka yi shawara irin wadda ya so ya yi da manoma.

Abin da Ya Biyo Baya

Gurna Sabuwa ba ta zama kufai ba. Sannu a hankali mutane suka shige ta, suka yi ta sauya gidajen daidai da bukatarsu, wasu suka toshe kafofin iska, wasu suka rushe suka ta da benen siminti don 'ya'yansu da suka yi aure. Bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗago, gishiri ya ci harsashin dutse, bango ya tsattsage. Madatsar ta kuma hana Nilu kawo sabuwar laka kowace shekara, har gwamnati ta hana ɗibar ƙasar gona don buga tubali, watau abin da Fathi ya ɗauka kyauta ne ya zama mai tsada. Mutanen tsohuwar Gurna kuwa sun ci gaba da zama a kan dutsensu kusan shekara 60, sai daga 2006 aka rushe gidajensu aka mai da su wani sabon gari na siminti. A 2009 Hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin ceto abin da ya rage na ginin Fathi, daga baya aka gyara masallacin da masaukin masu sana'a da dandalin wasa.

Irin da ya shuka ya fi tsiro a wata gona. Wasu samari da suka yi aiki da shi a farkon shekarun 1970 sun kafa ƙungiya mai suna Development Workshop. A 1980 aka gwada bakan Nuba a Cikal, cikin yankin Filinge na Jamhuriyar Nijar, inda fari da saran itace suka sa azara da sauran itacen rufi suka yi wuya. Daga nan aka shiga koyar da magina wannan gini marar itace a Nijar da Mali da Burkina Faso, har ɗaruruwa suka ƙware. A can ba a tashi kowa daga garinsu ba. Maginin gari ne ya koyi sabuwar dabara, mai gida ya gani a wurin maƙwabcinsa, ya auna da aljihunsa, sa'an nan ya kira shi.

Kammalawa

Tarihin Hasan Fathi ya nuna abin da mai zanen gini zai iya yi wa mai gina gidansa, ya kuma nuna iyakarsa. Zai iya gwada ƙasa, ya lissafta nauyi, ya juya ɗaki ga iska, ya nemo dabarar da ta ɓace a wani gari ya kai ta wani, ya kuma tsara yadda dangi za su haɗa ƙarfi. Amma niyyar yin gini da zaɓen wurin zama na mai gida ne, kuma inda aka ƙwace masa waɗannan, kyan zane ba ya mai da su. Gurna ta tsaya saboda an fara ta da doka, ginin marar itace na Nijar ya yaɗu saboda ya bi ta hannun magini da yardar mai gida. Ɗaliban harshe da al'ada suna da rabo a wannan darasi, domin sanin yadda iyali ke zama, da wanda ke gaisawa da wane a zaure, da inda mace ke girki da inda baƙo ke tsayawa, shi ne ilmin da Fathi ya shiga tsohuwar Gurna yana nema da ma'auni a hannu, kuma shi ne abin da ya kamata a tattara daga bakin masu gida da magina kafin a ja layin farko a takarda.